Daraktan Da Ya Gyara Wa Allah Labari

An yi wani mutum cikin masu bi, ya 'yan'uwa, wanda sana'arsa shirya fim. Ba zan kama sunansa ba, don yana da rai, kuma ba tona asirinsa ne ya tsayar da ni a gabanku ba. Darakta kowa yake ce masa, har matarsa in tana son tsokanarsa. Mu ma haka za mu kira shi.

Da ɗaukar bidiyon biki ya fara. Yana da ido, wannan ba a musu. Sauran masu kyamara amarya da ango kawai suke bi, shi kuwa sai ya juya ya ɗauko uwar amarya a gefe tana dariya tana share hawaye. Allah ne ya ba shi, ba a makaranta ya koya ba.

Wata rana ya ce zai mayar da baiwarsa ga aikin bishara. Niyya mai kyau. Ya tara matasan da ke cikin mawaƙa, ya ari ɗakin ajiyar kujeru na bayan majami'a, ya yi fim ɗinsa na farko. Aka haska a bango, aka yi tafi, fasto ya kira shi gaba aka yi masa addu'a.

A nan ya gano wani abu game da mu. Ya gano cewa in dai an ambaci sunan Yesu a ƙarshen fim, bakinmu ba ya iya cewa bai yi kyau ba. Gani muke kamar in mun kushe aikin, Mai sunan muka kushe. Mai biki, in ka ɓata masa bidiyo, har gida zai biyo ka. Ikilisiya kuwa ko me ka kawo mata, "Allah ya ƙara basira" za ta ce maka.

Sai Darakta ya saki jiki. Ƙarar janareta ta fi muryar 'yan wasa fitowa, ya ce a bar shi haka. Kan makirufo ya leƙo daga saman hoto, ya ce ba wanda zai lura. A shimfiɗe mutum a ce ya mutu, ana kuka a kansa, cikinsa na hawa yana sauka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar cutar tana cikin labarin. Mugu a fim ɗinsa baƙaƙen kaya yake sawa, ya zare ido, ya yi ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai a ɗaki. Wanda ba mai bi ba, ba ya da kirki ko na gaida uwarsa. Mai bi kuwa ba ya fushi, ba ya shakka, ba ya gajiya; ko ruwan sha zai roƙi matarsa sai ya haɗa da aya. Matsala ta zo, a durƙusa sau ɗaya, kashegari sai ga mota a ƙofar gida. Kana ganin farkon fim ka san ƙarshensa, sai dai ka zauna don kunya.

Ƙanin matarsa ne ke tace masa hoto a shagon da Darakta ya buɗe, kuma yakan gaya masa gaskiya. Ya ce masa mutanen nan ba sa kama da kowa da ya taɓa sani, ko shi Daraktan ba haka yake magana a gida ba. Darakta ya ce saƙo ne abin dubawa, sauran duk ado ne. Da matasa suka fara yanka fina-finansa suna tura wa juna a waya don dariya, ya ce tsanani ne, dama an faɗa za a tsananta wa masu gaskiya. Duk wanda ya gyara masa, Shaiɗan ne ke amfani da shi.

Ya 'yan'uwa, mutumin da ya kai inda gyara ya zama masa tsanani, wa zai iya komo da shi?

Mutum ɗaya ce ke masa dariya ya yi shiru, ita ce 'yarsa. Ita kaɗai Allah ya ba su, kuma da ciwon sikila aka haife ta. Yarinya ce mai surutu. Takan zauna a shagon bayan makaranta ta nuna allo ta ce, "Baba, gawarka ta sake numfashi." Sai ya ja mata kunne yana murmushi.

Uwar ce ta ɗauki nauyin ciwon. Ita ke bin ta da kofin ruwa, ita ke gasa mata ƙafa da tawul mai ɗumi in ciwon ya tashi, ita ta san kowane benci na asibiti da kowace nas. Kuma ba ta taɓa ba ta magani ba tare da ta yi addu'a a kansa ba. Azumi ta yi, zumuntar mata sun yi, ikilisiya duka ta yi. Yarinyar tana shirin shiga sakandare ciwon ya kama mata ƙirji. Aka yi duk abin da ake yi. Ubangiji ya ɗauke ta.

Darakta bai yi kuka ba. Mutane suka ce bangaskiya ce, amma ba ita ba ce. Tambaya ce ta tsaya masa a rai. A duk fina-finan da ya yi, ba a taɓa yin addu'a irin wadda aka yi wa 'yarsa ba a rasa. Ya daɗe yana faɗa wa mutane haka har shi ma ya yarda. Yanzu ga gado babu kowa, kuma ba shi da inda zai ajiye wannan abu a cikin irin labaran da ya saba.

Da ya kai tambayar gaban Allah, ya yi kuka, ya ce ban gane ba, da ya tsira. Bayin Allah da yawa sun yi haka, ba a kore su ba. Shi kuwa sai ya zauna ya rubuta fim.

A fim ɗin akwai yarinya mai sikila da uwarta mai yawon asibiti. Sai wani bawan Allah ya zo ya ce mata ta raba zuciyarta biyu, rabi ga likita rabi ga Ubangiji, shi ya sa ba a amsa mata ba. Uwar ta kwashe magunguna ta zuba a kwandon shara, ta durƙusa. Yarinya ta tashi ta fita da gudu.

A ɗakin marigayiyar ya ɗauki fim ɗin, da rana, lokacin da matarsa take wurin aiki. Gadon, bargon, kofin, duk nata ne. Ƙanin matarsa da ya ga hotunan ya ce hannunsa ba zai taɓa wannan aiki ba, ya ajiye makullin shago ya fita. Bai iya gaya wa yayarsa ba, don ko abinci ba ta koma ci sosai ba tukuna. Darakta ya tace abinsa da kansa. Da ya gama, sai ya ƙara layi ɗaya a farko, da manyan baƙaƙe: Wannan labari ya faru da gaske.

Ya san bai faru ba. Amma ya ce wa kansa ai Allah yana da iko, wataƙila ma ya faru a wani wuri, kuma zai ƙarfafa bangaskiyar mutane. Kun ji yadda ƙarya take sa kayan ibada?

Ranar haskawa aka rufe tagogin zauren majami'a da labule, aka cika maƙil. Matarsa tana layin gaba. Ta ga ɗakin, ta ga bargon, ta ga wata mace ɗaure da ɗankwalinta tana zuba magani a shara. Bayanta jama'a suna ta Halleluya. Da aka buɗe tagogi, wata tsohuwa ta kama hannunta, da zuciya ɗaya, ba da mugunta ba, ta ce, "Ayya 'yata, da ma kin ga fim ɗin nan tun tuni."

Matar Darakta ta tashi ta fita. Ta je gida ta ninke bargon, ta ɗauki kofin, ta haɗa kayanta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce wa mijinta, "Ka gaya wa duniya ni na kashe ta." Ta tafi gidan mahaifiyarta. Darakta ya ce baƙin ciki ne, in ta huce za ta dawo. Hankalinsa yana kan wayarsa, don fim ɗin ya bazu fiye da duk wanda ya taɓa yi.

Can wani gefen gari akwai wani kafinta, mai bi ne na wata majami'a, bai san Darakta ba, bai san 'yarsa ba. Yaransa biyu suna da sikila, namiji da ƙanwarsa. Mutumin ya gaji da ganin ɗansa yana murƙususu. Ya kalli fim ɗin a waya ya sake kallo. Matarsa ta ce fim ne kawai, ya nuna mata rubutun farko, ya ce masu bi ba za su rubuta haka a kan ƙarya ba. Ya kwashe magungunan yaron. Da zazzaɓi ya zo ya hana a kai shi asibiti, suka durƙusa. Kafin maƙwabta su ci ƙarfinsa su ɗauki yaron, lokaci ya wuce.

Bayan an yi jana'iza, kafintan ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon Darakta. Ya shigo da tsakar rana, garin katako a wandonsa, ya cire hula ya gaishe shi da ladabi. Ba faɗa ya kawo shi ba. Ya ba da labarinsa, ya ce ya san laifin daga bangaskiyarsa ne, akwai inda ya yi kuskure. Roƙonsa ɗaya, a haɗa shi da uwar yarinyar da ta warke ta koya masa yadda ta yi, don ƙaramar ta fara ciwon ƙafa kuma ba ya so ya sake kuskurewa.

Ya 'yan'uwa, ga ƙofar tuba Allah ya buɗe wa Darakta a cikin shagonsa. Kalma ɗaya za ta ceci yarinya, ta sauke wa uba kaya daga zuciya.  Darakta ya dubi mutumin, ya dubi hotunan fina-finansa da ke manne a bango, ya tuna yadda ake tashi a ba shi kujera a taro. Sai ya ce ai mutanen sun ƙaura, ba shi da lambarsu.

Kafintan ya yi godiya ya fita. Amma bai haƙura ba. Ya wuce majami'ar su Darakta ko wani ya san inda suka koma. Ya tarar da wani dattijon ikilisiya yana duba gyaran rufi. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya gaya masa gaskiya duka. Ya kai shi maƙabarta ya nuna masa kabarin 'yar Darakta. Daga nan ya kai shi wurin matar Darakta, ita kuwa ko zama ba ta yi ba, ta ɗauki jaka ta ce a kai ta wurin yarinyar kafintan. A ranar ta raka su asibiti. Yarinyar tana nan da rai.

Kashegari kafintan ya koma shagon. Bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce, "Ka ce sun ƙaura. An nuna mini inda ta ƙaura." Ya juya ya tafi.

Daga nan komai ya rushe. Dattawa suka kira shi, ya fara kare kansa da maganar saƙo, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Aka sa shi ƙarƙashin horo. Majami'un da ke gayyatarsa suka daina. 'Yan wasansa suka watse. Wadda ta fito a uwa ta daɗe ba ta iya shiga kasuwa. Ya sayar da kyamara, shagon ya koma hannun wani mai aski. Matarsa ta ce ta yafe masa don Allah, amma har yau ba ta koma gidan ba.

Abin da ya fi cinsa ba wannan ba ne. Ya goge fim ɗin daga duk inda ya sa shi, amma ya riga ya shiga wayoyin mutanen da bai sani ba. Sai ya shiga motar haya ya ji kiɗan fim ɗinsa daga kujerar baya, ya waiwaya ya ga wata mace da yaro a cinya tana kallo. Ya fara roƙonta kada ta yarda, ƙarya ce, shi ya yi. A ɗauke shi mahaukaci. Haka yake rayuwa yanzu.

Mukan tambaya me ya sa fina-finanmu na masu bi ba sa gamsar da mutum. Mukan ce rashin kayan aiki ne. Ba shi ba ne tushe. Rashin gaskiya ne. Muna tsoron nuna mai bi yana shakka, muna tsoron nuna addu'ar da aka amsa da a'a, kamar Allah zai ji kunya in an faɗi yadda rayuwa take. Maganar Allah kuwa ba ta ɓoye mana sarkin da ya faɗi ba, ko manzon da ya yi musu, ko wanda ya roƙa a cire masa wahala aka ce ya zauna da ita. Mu su wa ne da za mu gyara masa labari? Allah ba ya bukatar ƙaryarmu don ya sami ɗaukaka.

Kai mai fim, kai mai waƙa, ke mai ba da shaida, ni mai wa'azi: abin da bai faru ba kada mu ce ya faru. Aikin da ba za ka kai wa mutum ba, kada ka kawo wa Ubangiji. Wanda ke da mara lafiya a gida, ya yi addu'a, ya kuma ba da magani, don hikimar likita ma daga Allah take.

Mu kuma masu kallo, kada mu ce hannunmu a wanke yake. Shekara da shekaru muna yi wa mutumin nan tafi a zaure muna dariyarsa a gida. Da mun ƙaunace shi, da mun gaya masa tun abin yana kan makirufo da janareta.

Allah ya ta'azantar da iyayen nan. Allah ya ba bawan nan nasa tuba ta gaskiya. Allah ya kiyaye mu daga yin ƙarya da sunansa, ya kiyaye mu daga yabon da ke hallaka ɗan'uwa. Amin.