Ramukan Malam Gwadabe

A wani zamani mai nisa, tun ana auna tafiya da kwanaki, an yi wani sarki mai suna Mamuda a wani birni na bakin kogi. Sarki ne mai sauƙin kai, amma akwai abu guda da ko sunansa aka ambata sai ransa ya ɓaci, wato bugun ƙasa. Dalili kuwa, Wazirinsa Sambo ya taɓa kawo masa wani baƙon mai duba, wanda ya baje yashi ya tona 'yan ramuka layi-layi da yatsa, ya ce kogi ba zai yi ambaliya ba sai bayan shekara bakwai. Sarki ya gaskata, ya sa aka gina rumbunan gari a fadama. Damina ta farko ruwa ya zo ya kwashe su kaf, mai duba kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba. Aka sha yunwa a shekarar nan, irin wadda tsofaffi ba su son tunawa.

Sai Sarki ya sa aka yi shela: duk wanda aka kama ya tona ramuka a yashi, ya faɗi abin da ido bai tabbatar ba, za a aske masa gemu, a ɗora shi kan jaki yana fuskantar wutsiya, a fitar da shi daga gari, ba shi ba dawowa. Waziri kuwa, da yake shi ya jawo wancan bala'i, ya fi kowa zafi a kan dokar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

To, a unguwar masaƙa akwai wani tsohon malami, Malam Gwadabe, mai shekara saba'in da 'yan kai. Da sassafe yakan koya wa yaran unguwa karatu, da hantsi kuma ƙidaya. Abin da ke damunsa shi ne, yaran in sun ƙare yatsun hannu da na ƙafa sai su rikice, a aiki yaro ya ƙirgo ƙwai arba'in ya dawo da amsa uku. Ran nan ya bi ta gefen wata gona ana shuka, ya ga kunya-kunya, kowace da ramukanta daidai da na 'yar'uwarta. Ya tsaya ya ƙare musu kallo, sannan ya koma gida da saurin da gwiwoyinsa suka yarda.

Ya baje yashi a zaure, ya ja kunya uku, ya tona rami huɗu a kowace. Yara suka ƙirga ɗaya-ɗaya suka sami goma sha biyu. Ya ce su daina bin ramuka, su bi kunya: huɗu, a ƙara huɗu takwas, a ƙara huɗu goma sha biyu. "To, huɗu sau uku ke nan," in ji shi. Sannan ya sa suka zagaya gefe suka duba, sai ga kunya huɗu mai rami uku-uku, amsa kuma ba ta canza ba. Wata yarinya 'yar shekara takwas, Tabawa, 'yar wani magini, ta fashe da dariya, ta ce ashe ramukan ba su san an juya ba. Kafin wata biyu yaran sun mai da abin waƙa, suna rerawa har a bakin rijiya.

Ko sau ɗaya bai faɗo wa Malam a rai cewa yashinsa ya yi kama da na masu duba ba. Haka malamai suke, in kansu ya shiga abu, ko gobara ake yi a maƙwabta sai an taɓa su.

Wani dogari ya leƙa zauren, ya ga tsoho da ramuka a yashi, ya ji yara suna faɗin adadi ba su ƙirga ba. Kafin azahar labari ya kai wa Waziri, bayan azahar dogarai suka zo suka ce Sarki na kiran Malam da ɗalibarsa mafi ƙwazo. Ba gemun ya fi damun Malam ba, matarsa Hajjo ce, wadda ciwon ƙafa ya hana ta ko ƙetare dokin ƙofa shekara uku ke nan. In an kore shi, ina zai nufa da ita, kuma a kan me? Ita kuwa sai ta jawo tsumma ta fara ɗaure 'yan kwanukansu.

A ƙofar fada suka tarar da jaki a ɗaure, da wanzami zaune yana wasa aska. Malam ya kau da kai, ya riƙe hannun Tabawa suka shiga.

Suka faɗi suka yi gaisuwa. Waziri ya tashi ya karanta laifi, ya ce bugun ƙasa ma da sauƙi a hannun babba, amma wannan tsoho a zukatan yara yake shuka shi. Malam ya rantse cewa lissafi ne kawai, ya roƙi a jarraba yarinyar, don a tunaninsa amsa ta gaskiya ce za ta wanke shi.

Aka kawo yashi. Waziri da kansa ya umarci dogari ya ja kunya bakwai, kowace da rami takwas. Tabawa ta dubi kunya guda, ta dubi yawan kunyoyin, ta ce da ƙaramar murya, "Hamsin da shida." Aka sa magatakarda ya durƙusa ya ƙirga. Ya rikice a talatin da wani abu, ya sake daga farko, ya ɗago yana gumi ya ce hamsin da shida ne.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kowa ya gani. Ba ta ƙirga ba, amma ta sani. Da ta yi kuskure, da mun ce tsoho ne mai ruɗin yara. Tun da ta faɗi daidai, wa ya gaya mata?"

A nan ne Malam ya gane ramin da ya tona wa kansa. Daidai laifi, kuskure laifi. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ga Sarki ya ɗaure fuska, ya ji ana kwance jaki a waje, Tabawa kuma ta fara kuka don ta ɗauka ita ta ɓata amsa.

Kukan nan ne ya dawo masa da hankalinsa. Ya sake faɗuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a aske ni ina roƙon tambaya guda. Mai duban da ya cuce mu, ya koya wa wani a fadar nan yadda yake yi?"

Sarki ya ce bai koya wa kowa ba, har ma rufe yashinsa yake da hannun riga.

Malam ya ce, "Shi abinsa sai an jira damina kafin a san ƙarya ne, kuma ɓoye shi yake. Nawa kuwa yanzu ake ƙirgawa a gani, kuma ba ni da abin ɓoyewa. In Sarki ya yarda ya sauko, kafin a kira la'asar zai iya."

Fadawa suka yi ta gunaguni, suna cewa ina aka taɓa ganin Sarki a ƙasa gaban talaka. Amma Sarki Mamuda ya daɗe da ciwon an ruɗe shi da abin da bai gane ba, yana kuma son ya gane wannan. Ya sauko daga karaga, ya tattara rigarsa, ya zauna bakin yashi. Malam ya share ramukan, ya ce wa Sarki ya ja kunyoyi yadda ya ga dama, amma kowace ta sami rami biyar. Sarki ya ja shida, ya tona da yatsansa. Malam ya ce kada ya dubi ramukan, ya riƙa taɓa kan kunya yana ƙara biyar. Sarki ya fara a hankali, biyar, goma, sha biyar, ya ɗan tsaya, Tabawa ta raɗa masa ashirin tana share hawaye, ya harare ta da wasa, ya ci gaba har ya ce talatin.

Magatakarda ya ƙirga, talatin cif. Sarki ya share, ya sake jan kunya tara shi kaɗai ba mai taimako, ya ce arba'in da biyar, aka ƙirga haka ne. Ya daɗe yana duban yatsansa da yashi ya ɓata. Sannan ya ɗago ya ce, "Waziri, na tona ramuka a yashi, na faɗi abin da ban ƙirga ba. Jaki nawa ka tanada?"

Waziri ya ce guda ɗaya.

Sarki ya ce, "To, in wannan bugun ƙasa ne, sai ka nemo na biyu."

Waziri ya zube yana neman gafara, ya ce tsoro ne ya rufe masa ido, don bai taɓa manta rumbunan nan ba. Sarki ya ce shi ma bai manta ba, shi ya sa ba zai tuɓe shi ba. Amma ya yanke cewa a gyara shela, a raba duba da lissafi, a gina wa Malam babban zaure kusa da fada, Waziri kuma ya zauna cikin yara kullum da hantsi har sai ya iya abin da ya kai ƙara a kansa. Jakin kuwa aka ba Malam kyauta, ya hau yana fuskantar gaba, da gemunsa cikakke.

Ya iske Hajjo zaune kan ƙullin kaya tana jiran abin da Allah zai yi. Ta dubi gemun, ta dubi jakin, sannan ta fara kwance tsumman tana kuka, tana yi masa faɗa a kan ya bar ta ta sha wahalar ɗauri a banza.

Masu ba da labari sun ce Waziri Sambo ya yi wata huɗu a layin yara, rawaninsa ya fi kowa girma, amsarsa ta fi ta kowa jinkiri. Duk sauran ya iya su, amma takwas sau bakwai ya ƙi zama masa, kullum sai Tabawa ta raɗa masa. Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, na kuwa ba ku shi ba ragi.