Motar da Take Shan Mai

Akwai wani mutum mai mota, ita kaɗai ce a ƙauyensu. Tsakanin ƙauyen da asibitin birni kuwa akwai wani dogon daji, babu gidan mai, babu bukkar kowa, kuma 'yan bindiga sukan fito a cikinsa ko da rana tsaka. Galan huɗu na fetur yakan kai shi birni ya komo da shi.

Mutumin nan yana son gudu kamar me. Ya roƙi Baba Irmiya, tsohon bakaniken ƙauyen, ya ƙara wa injin ƙarfi, tsohon ya ƙi. Sai ya zagaya birni a ɓoye wurin wani. Wannan ya sa masa manyan nozul, wato bakunan da suke fesa mai cikin injin. Ya cire ɗan ƙarfen da yake tsare ruwa har injin ya yi ɗumi, ya haɗa fanka kai tsaye, wai kada mota ta yi zafi. Da fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, sai aka manna mata baƙin salatif. Kada ku yi dariya, maza, na san motocin wasunku!

Mota ta yi gudu kam, amma ta shiga shan mai ba ji ba gani. Ga matarsa Rifkatu da tsohon ciki, an kuwa gaya mata lalle a asibiti za ta haihu. Tsoro ya kama shi, ya kai motar garejin Baba Irmiya.

Baba Irmiya ya kwance fulogi, masu ba injin wuta, ya ga sun yi baƙi ƙirin. Ya dafa tiyon lagireto, inda ruwan injin yake bi, ya ji shi da sanyi ƙalau, ko ɗumi babu. Ya ce, "Ɗana, an taɓa injin nan?"

Mutumin ya ce, "Haba Baba! Yadda masu ita suka ƙera ta, haka take."

"To, bar mini ita kwana biyu in buɗe cikinta."

Kunya ta hana shi. Ya ce a canja fulogi kawai, sauri yake yi.

Ranar da naƙuda ta tashi, ya zuba galan biyun da ya samu, yana cewa ai rabin hanya ce, za su isa. Suna tsakiyar daji sai ya ga allurar mai ta kwanta. Motar ta yi tari sau biyu, ta mutu. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, shiru. Wayarsa babu sabis. Rifkatu tana bayan mota tana cizon zane, tana cewa, "Maigida, don Allah ka tayar da ita, zan mutu!" Wayyo, 'yan'uwa, ban taɓa ba da labarin nan ba tare da jikina ya yi sanyi ba.

Can sai ya ji ƙarar babur tana matsowa. Kowa ya san su wa suke hawa babur a dajin nan. Ya tsaya a bakin ƙofar motar, ta gefen da matarsa take, don ba inda zai gudu da ita.

Ashe Baba Irmiya ne, da jarka a ɗaure a baya. Ya ga wucewarsu ta gaban gareji, ya ga baƙin hayaƙi, ya ji warin ɗanyen mai, ya san ba za su fita dajin ba. Yana zuba man, mutumin ya fashe da kuka, ya faɗi duk abin da aka yi wa injin.

Tsohon ya ce, "Na sani tun ranar da ka kawo ta. Injin da ba ya ɗumi, ƙwaƙwalwar mota zato take kullum yanzu aka tashe shi, sai ta yi ta kwarara masa mai. Shiga ka ja, matarka tana wahala."

Sun isa asibiti da ƙyar. Rifkatu ta rayu, jaririn ma ya rayu, amma sai da ya yi mako uku a cikin kwalbar jarirai, uban yana tsaye yana leƙensa ta taga.

Ma'anar wannan misali, ga ta. Motar ranka ce, yadda Allah ya yi ta. Gyaran ɓoye shi ne zunubin da ka shigar da hannunka don ka wuce 'yan'uwanka. Salatif ɗin kuwa, abin da kake toshe lamirinka da shi ne. Kana cewa addu'arka ba ƙarfi, salamarka tana tsiyayewa, kana ta canja fulogi: yau wannan ikkilisiya, gobe wancan taron farkawa. Ubangiji yana tambayarka abin da ka taɓa, ba don bai sani ba, sai don ba ya buɗe abin da ka hana shi buɗewa.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne, ba kai kaɗai ne a motar ba. Matarka tana ciki, 'ya'yanka suna ciki, su kuwa ba su san abin da ka cire ba. Ka faɗa masa yau, tun kana gareji. Ba kowane babur da yake fitowa a dajin nan ne na Baba Irmiya ba.