Yayen Mantau Magini

A zamanin da, a wata ƙasa mai jan yumɓu, wani zaure ya rufta wa fatake da damina. Sarki ya fusata, ya kafa doka cewa kada wanda ya ƙara jagorantar ginin soro sai Sarkin Magina ya yaye shi a gaban fada. Wanda ya saɓa, a kore shi daga ƙasar.

Sarkin Maginan kuwa, Jatau, mutum ne mai baƙar zuciya. Cikin masu koyo a hannunsa akwai Mantau, wanda ya fara da kwaɓa ƙasa tun bai yi gemu ba, har furfura ta soma fito masa. Shi ke gina soraye, ubangidansa ke shan yabo, iyalin Mantau kuwa na kwana a bukka mai yoyo. Duk sa'ad da ya roƙi yaye, sai Jatau ya kore shi da zagi.

Da tura ta kai bango, Mantau ya kai ƙara fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, sabon soron da kake zaman fadanci a ciki, ni na gina shi."

Jatau ya yi tsaki, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kututture ko ya shekara a ruwa ba ya zama kada. Wannan butulu ruwa kawai ya ɗebo mini. Soron aikin hannuna ne."

Aka tambayi sauran masu koyo, tsoro ya sa duk suka sunkuyar da kai. Waziri ya matso ya yi wa Sarki raɗa, aka sallami kowa.

Bayan kwanaki, dogarai suka rufe soron, labari ya bazu cewa rufinsa ya tsage. Aka kirawo Jatau da Mantau. Sarki ya murtuke fuska, hauni na tsaye a gefe da takobi.

Waziri ya ce, "Wanda ya ɗaura rufin nan ya so ya binne Sarki da ransa. Jatau, kai ka ce aikinka ne."

Jatau ya juya da sauri. Ya nuna Mantau, ya ce, "Na rantse da rawanin Sarki, ko tubali ɗaya ban aza ba. Shi ya auna, shi ya haƙa tushe, shi ya jera azara. Shi za a kashe."

Waziri ya juya ga Mantau. "Kai fa?"

Mantau ya ce, "Ni na gina. In ya tsage, ga wuyana. Amma a bar ni in ga tsagar."

Aka buɗe soron. Fadawa suka shiga, suka ɗaga kai, ba su ga tsaga ko ta kaurin gashi ba.

Sarki ya ce, "Jatau, bakinka ya yaye shi, ga shaidu." Ya sa aka warware rawanin Jatau a gaban jama'a, aka naɗa wa Mantau.

Jatau ya tofar da miyau, ya ce, "Ni na koya maka komai, ɗan banza."

Mantau ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Har da abin da ba zan yi wa masu koyo a hannuna ba."

Kafin damina ta sake faɗuwa, ya gabatar da ƙwararrun cikinsu a gaban Sarki, aka yaye su.