Tsohuwar Kura a Gindin Gwanda

Ga ta nan, ku matso kusa!

Ta zo mu sha.

Kura ta tsufa, haƙora sun zube, nama ya fi ƙarfinta. Ta iske Biri a gindin gwanda yana ta sha.

Ta ce, "Malam Biri, me kake samu a abin nan?"

Biri sarkin surutu ya ce, "Ai Inna, nunanniya tana sassauta ciki. Ɗanya kuwa mata ke jefawa a tukunya, nama mai tauri ya yi laushi."

Kura ta matso. "Kullum kake sha?"

"Tun ina goye."

Ta lashe baki. "Ashe namanka ya daɗe da yin laushi."

Wuf, Biri ya ɗare bishiya. Tun daga ranar, daga sama yake ba da amsa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.