Mutumin da Ya Sa wa Rijiya Kwado

Akwai wani mutum a wani ƙauye da duk rijiyoyinsa ruwan zartsi ne. Wansa ɗan kasuwa ne, kuma kafin ya yi wata doguwar tafiya ya kira mahaƙa suka haƙa rijiya a ƙofar gidan ƙanen. Aka dace da ruwa mai sanyi, garau, ba ɗanɗanon kanwa ko kaɗan. Wan ya miƙa masa guga da igiya, ya ce, "Ta unguwa ce, amma a hannunka na bar ta. Ka kula da ita har in dawo."

Mutumin nan ba mugu ba ne, kuma da an kira shi marowaci da ya yi mamaki. Girman ruwan ne ya cika masa ido. In ya ga mata suna wanke tukwane da shi, ko ana shayar da awaki, sai ransa ya sosu. Ran nan ya sa kafinta ya yi wa rijiyar murfi, ya danna mata kwado.

Matarsa ta ce, "Maigida, Yaya bai ce a rufe ba."

Ya ce, "Cewa ya yi in kula da ita. Ranar da ya dawo, zai tarar ko ɗigo bai ragu ba."

Akwai wata tsohuwa a unguwar, ita ta goye shi da wansa suna ƙanana. Ta zo da ɗan tulunta ta ce, "Ɗana, ƙafafuna sun daina kai ni nesa."

Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Ruwan nan na babbar rana ne."

Mutane suka koma kududdufin da shanu suke sha. Shi kuwa kowace safiya yakan share bakin rijiya, ya shafa kwadon ya ji yana nan daram. Haka aka yi shekaru.

Ana tsakiyar bazara sai ga wan ya dawo, leɓensa a bushe. Ƙanen ya tara unguwa domin kowa ya shaida amanarsa. Ya buɗe kwado, ya ɗaga murfi. Wani wari ya taso, na gaba suka ja da baya suna toshe hanci. Ya ce a ransa, na sama-sama ne. Ya zura guga, ya jawo. Abin da ya fito baƙi ne, mai kauri, tsutsotsi suna motsi a ciki. Ya sake zurawa. A karon nan laka ce zalla.

Ya tsaya da guga a hannu. Da ƙyar ya ce, "Yaya, ban bar kowa ya taɓa ta ba."

Wan ya ce, "Abin da ya kashe ta ke nan. Sai an ɗebi ruwa sabo yake ɓuɓɓugowa. Da ka hana ɗiba, idonta ya toshe." Sai ya dubi taron, ya ce, "Ina Iya? Ban gan ta ba."

Matar ƙanen ce ta amsa a hankali, "Ta rasu bara. Ciwon ciki. Ruwan kududdufi take sha."

Guga ya suɓuce daga hannun mutumin. Wan ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya miƙa masa, ya ce, "Ɗaura a ƙugunka. Yau za a yashe ta, kuma kai za ka shiga."

To, ga ma'anar misalin. Wan nan shi ne Ubangiji Yesu. Rijiyar ita ce baiwar da Ruhu Mai Tsarki ya sa a cikin kowane mai bi, unguwar kuwa ikilisiya ce. Ku lura, mutumin bai raina kyautar ba. Ya ɗaukaka ta ne har ta fi ƙarfin maƙwabtansa. A cikinmu akwai mai muryar da ba ta shiga ƙungiyar mawaƙa sai za a je babban taro. Akwai mai iya koyarwa da yake ganin ajin yara bai kai matsayinsa ba, yana jiran a zaɓe shi dattijo. Akwai wadda kalmarta take kwantar da zuciyar mara lafiya, amma tana cewa sai ta ƙara girma cikin bangaskiya. Dukansu suna zaton ajiya suke yi. Baiwar tana ruɓewa a ƙarƙashin murfi, wani kuma a bencin da ke bayansu yana shan abin da ya samu.

Rijiyar da ta toshe ana iya yashe ta, ko da yake aikin da kunya da laka. Amma yashe rijiyar ba zai dawo da Iya ba. Saboda haka duk wanda ya zo maka da tulu a makon nan, ranar ce babbar rana. Ka cire kwadon.