Tabarmar da Ba Ta da Ƙarshe

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya natsu.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara aka yi fari. Rijiyoyi suka ƙafe, rumbuna suka zama wayam. Akwai wata yarinya, Marka, ba ta da kowa sai kakarta, Iya Delu, makauniya. Da yunwa ta tsananta, Marka ta kama sandar kakar, suka shiga daji. Suna tafiya, suna tafiya, har suka iske wata kuka mai kogo, ƙamshin tuwo na fitowa daga ciki.

Suka yi sallama, suka shiga. Ashe gidan Sarkin Aljanu ne. Daga gabansa wata tabarma ta miƙe. Tana da farko, ba ta da ƙarshe. Aljanu na zaune a kanta, kafaɗa da kafaɗa, kowa da akushinsa, tuwon ciki ba ya ƙarewa.

Marka ta durƙusa, ta roƙa wa kakarta wurin zama. Sarki ya ce shi ba ya rowa, amma gidan yana da ƙa'ida. Ba a ci a tsaye. Ba a raba mai wuri da tabarma. Ba a haɗa biyu a wuri ɗaya. Wanda kuwa rana ta faɗi yana tsaye, ya zama kututture. Ya ce Kura ta taɓa zuwa, ta sheƙa neman ƙarshen tabarma don ta zauna can, har yau ba ta kai ba. Shaho ma ya tashi, ya gaji, ya dawo. Shi ne kututturen bakin ƙofa.

Marka ta tuna tabarmarsu ta gida. Ƙarama ce, amma in baƙo ya yi sallama, Iya ba ta cewa ta cika, sai dai ta ce a gusa. Aljanu kuwa ba su san gusawa ba. Tun da aka halicce su, kowa yana inda ya zauna.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a buga ganga. Kowa ya gusa wurin na gaba da shi."

Wani tsohon aljani ya ce, "Ke 'yar mutum, to na ƙarshe fa? Ina zai gusa?"

Ta ce, "Baba, nuna mini shi, in ba shi haƙuri."

Ba wanda ya iya nunawa. Aka buga ganga, kowa ya gusa, ba wanda ya faɗi ƙasa. Wurin farko ya buɗe, Iya Delu ta zauna.

Aka ajiye mata akushi, ta ƙi taɓawa. Ta ce ba ta kai loma jikarta na tsaye. Aka sake buga ganga, aka sake gusawa, Marka ta zauna.

Ba su wanke hannu ba, sai ga tururuwa. Su ma fari ya koro su. Jerinsu yana da farko, ba shi da ƙarshe. Sarki ya ce wanda ya bar ƙofa a buɗe, baƙinsa ne, kuma Marka da kakarta ne suka bar ta. In rana ta faɗi da tururuwa ko ɗaya a tsaye, tsohuwa za ta tashi ta tsaya a madadinta.

Aka buga ganga, ɗaya ta zauna. Aka buga, wata ta zauna. Aka buga, aka buga, jeri bai ragu ba. Rana ta yi ja.

Iya Delu ta lalubi sandarta. Ta ce, "Bar ni in tashi, 'yar nan. Na sha miya a duniya. Sai dai abu guda ya dame ni. A gidanmu, ranar suna, ba a barin baƙi su yi layi a ƙofa. Kowane ɗan gida da baƙo a gefensa."

Marka ta riƙe sandar. Ta ce a buga ganga sau ɗaya tak. Na farko ya koma wuri na biyu, na biyu ya koma na huɗu, na uku ya koma na shida, haka har abin da ido bai gani. Aljani dai tafiya ba ta yi masa nisa.

Aka buga. Gefen kowa wuri ya buɗe. Tururuwa suka shiga, kowace da wurinta, kowace da akushinta. Rana ta faɗi, ba mai tsayuwa.

Sarki ya dubi tabarmarsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Da safe cike take. Yanzu ma cike take. Ko taƙi ba ta ƙaru ba."

Iya Delu ta miƙa hannu ta saman tururuwar da ke tsakaninsu, ta lalubo hannun jikarta. Sannan ta yi bismillah, ta kai loma.

Kura kuwa tana can tana gudu.

Abin da ba shi da ƙarshe, ba a neman wuri a ƙarshensa. Ko ya cika, akwai wurin baƙo, in mutanen gida sun yarda su gusa.

Ƙurunƙus kan ɓera. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Tatsuniya dai tana da ƙarshe, ga shi mun iso.