Safiyar da Karfasa Suka Ɗago Kai

Ku matso kusa. Wannan labarin ko a jami'a ba a samun irinsa, balle ajin da na baro wa malamai su huta.

A gefen wani dam, Hajiya Kande na da tafkin kiwon karfasa da ma'aikata uku, kowa an ɗora shi inda bai koya ba. Nomau ya yi digiri a kan kiwon kifi, amma gadi ya samu, da albashin mai gadi. Ilu bakanike ne da bai taɓa zama a aji ba, shi ke watsa wa kifi abinci. Jauro kuwa, Bafulatani, tarihi ya karanta, ya zama manaja don babbar riga na yi masa kyau. Kifi sai a miya ya san shi.

Wata safiya mai lumshi, Nomau na gyangyaɗi a benci, yana mafarkin farar rigarsa ta ɗakin gwaji tana yawo bisa ruwa ba kowa a ciki. Da ya buɗe ido sai ya ga tafkin ya cika da ƙananan bakuna. Kifin sun taso suna buɗe baki a hankali, kamar masu rera waƙa marar sauti.

Ilu ya ɗebo abinci. "Yunwa ce."

"Kar ka zuba!" in ji Nomau. "Iska ce ta ƙare a ruwan. In ba a sako sabon ruwa kafin hantsi ba, Hajiya ta tashi daga mai kifi ta koma mai tafki."

To, injin jan ruwa ya daɗe da mutuwa. Ilu ya kwance shi, ya hura nan, ya tsotse can, ya yanki silifas ɗinsa ya toshe yoyo. Inji ya yi tari irin na tsoho, ya tashi.

Sai dai magudanar ruwan ta bi ta gonar Baba Kyari, Babarbare, wanda ya toshe ta tun da suka ɓata da Hajiya. Jauro ya gyara riga ya je.

"Bawana, buɗe wa ubangidanka ruwa!"

"Kai ɗan nono! Yaushe mai bin saniya ya san kifi?"

Jauro ya shiga zayyano kakannin tsohon da yadda kowannensu wai ya yi wa Fulani dako. Baba Kyari ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Abokin wasa ba a mayar da shi hannu wofi, ya buɗe.

Ruwa ya shigo, bakunan nan suka nutse ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta tara su ta ce, "'Ya'yana, kujerar manaja ɗaya ce, albashinta ma ɗaya, yau kuma zan sake zaɓen mai zama a kanta." Nomau ya jingina da sandar gadinsa, yana kallon kujerar kamar bai gama farkawa ba.

To jama'a, wa za ta ba: wanda ya gano cutar, wanda ya tayar da injin, ko wanda bakinsa ya kawo ruwan?